Kawu da Maganar Damtse

Ranar Laraba da hantsi muka kai Kawu makwancinsa a Birnin Tudu, Allah Ya sa can ta fi masa nan. Kafin la'asar ƙofar gida ta cika har sai da aka aro tabarmi daga masallaci. Mahautan kasuwar Talata Mafara sun zo mota guda, domin abokin sana'arsu ne tun ba a haife ni ba. Malaman unguwa suka zauna gefe ɗaya, tsofaffin 'yan dambe gefe ɗaya, kowane ɓangare yana satar kallon ɗayan. Ni ina tsakiya ina karɓar gaisuwa, saboda Kawu bai bar ɗa namiji ba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara bakwai, shi kuma ya koya mini dambe.

Liman ne ya fara magana. Ya ce shi dai bai taɓa son dambe ba, kuma bai ɓoye wa mamacin ba, amma bai san ranar da ya waiwaya a sallar asuba bai gan shi a sahun farko ba. Aka yi addu'a aka shafa. Sai wani mahauci ya ce:

"Allah shi jiƙanai. Mutum siriri awa sanda, amma an ce da can ba a tsaya mai a hwage."

Wani tsoho da ya zo tun daga Janbako, duk da halin rashin tsaro da hanyar Maradun take ciki, ya ɗago kai. Bakinsa a karkace yake, maganarsa tana fita ta gefe guda.

"Siriri? Wa as siriri? Ku yara na. Mutumen da ƙohwar zaure ba ta isa tai sai ya karkata? Damtsenai ya kai cinyar wanga yaro." Ya nuna ni.

Aka yi 'yar dariya irin ta zaman makoki, wadda ake yi ana duƙar da kai. Ni ban yi ba. Kaina ne ya ɗaure, domin a duniya ban san wanda ya tsani ƙaton damtse kamar Kawu ba, kuma a kan maganar damtsen nan muka yi shekara biyu ba ma ga maciji. Ga shi saura kwana arba'in da 'yan kai in shiga fage a Mafara da mutumin da ya taɓa kayar da ni, ban kuma san da wane jiki zan shiga ba, da wanda Kawu ya gina ko da wanda na gina wa kaina. Wanda zai gaya mini kuwa mun baro shi a ƙarƙashin ƙasa.

Kawun da na sani dogo ne mara nama, wuyansa duk jijiya. Idan yana fiɗa ba ya magana, sai ya gama ya wanke wuƙa. Koyarwarsa ta dambe ma ba ta kama da ta kowa. Da asuba in mun fito masallaci sai ya kora ni gudu a kan gaɓar hanyar ruwan da ke ratsa gonakin shinkafa. In damina ce, cikin laka zan yi ta tafiya har gwiwa. Ranar Talata kuwa a kasuwa aikina kama ƙudaje a kan teburin nama, da hannun hagu, wanda 'yan dambe ke kira garkuwa saboda shi ake miƙawa gaba a tare duka. In na kama sai ya ce in sake shi. Na taɓa tambayarsa amfanin kamawar in sakewa za a yi, ya ce:

"In ka kashe su duka, mi kaka kamawa Talata mai zuwa?"

Maganarsa duk ta mahauta ce. Yakan ɗaga cinyar sa ya nuna mini, ya ce tsoka ta mai saye ce, jijiya ita ce ta mai aiki. Yakan ce ya yanka bajimai ba iyaka, bai ga wanda tsokarsa ta cece shi ba. Wadda ya fi maimaitawa ita ce, duk naman da ka ɗora wa jikinka kai za ka yi dakonsa har turmi na uku, ba mai taya ka. Turmi shi ne zagaye ɗaya na dambe, uku ake yi, in kuwa ka kai abokin karawarka ƙasa, ko da gwiwa ce ta taɓa, an ce ka kashe shi.

Akwai halinsa guda da ya daɗe yana ba ni haushi. Duk ranar da na yi kisa, makaɗa suna ta kirari, jama'a suna ɗaga ni, in na waiga neman Kawu sai in hango shi can tsugune gaban wanda na kayar. Zai riƙe masa haɓa, ya ce ya buɗe baki ya rufe, ya ce ya ciza yatsarsa. Sai ya gamsu sannan ya zo ya kwance mini zaren hannu, ko sannu ba zai ce ba. Ina saurayi na ɗauka rowar yabo ce kawai irin ta tsofaffi.

Da na koma Mafara da zama, ina tsare wa wani shagon kayan babur, sai na faɗa hannun masu ɗaga ƙarfe. Wata rumfa ce a bayan tasha, an zuba siminti a gwangwanayen fenti an soka musu ƙarfen mota, ga wani tsagin madubi a jingine. Mai rumfar, wanda muke ce wa Oga, ya dube ni ranar farko ya ce in na ba shi wata shida, duk wanda na taɓa sai an kwashe shi. Ya nuna mini 'yan damben wasu ƙasashe a waya, kowanne ƙirji kamar an hura. Na ce to, ai gani ya kori ji. Na shiga ɗaga ƙarfe safe da yamma, ga ƙwai ga wake, har riguna suka daina shiga ta.

Ranar da na je gida da ƙaramar salla, da gangan na sa riga mai kama jiki. Kawu yana zaune a ƙofar gida da abokansa. Na duƙa na gaishe shi, ya amsa, ya daɗe yana kallon hannuwana. Sai ya tsinko ganyen dalbejiya, ya ce in juya, ya jefa mini shi cikin riga ta ƙeya, ya danne shi a tsakiyar bayana.

"Ɗauko shi."

Na kai hannu ta sama, damtse ya tokare. Na kai ta ƙasa, bai isa ba. Na yi ta juyi a gaban dattawa, suna dariya har da masu share hawaye. Kawu bai yi dariya ba.

"Wanda bai iya sosa bayanai, shi ka dambe? Ka tahi birni ka sawo kaya ka aza ma kanka."

Kunya ta juye mini ta zama fushi. Na ce masa zamaninsu ya wuce. Na ce su da yunwa suka yi dambe shi ya sa suke ganin ƙoshi aibi ne. Na ce shekara goma sha biyar ina kama masa ƙuda, me na tara? Har yau in na tuna da cewa a gaban abokansa na faɗi wannan, sai in ji kamar in nutse. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi:

"To. Wanda yab ba ka damtsen shi ɗaure ma hannu."

Daga ranar bai sake ɗaure mini hannu ba.

Da abin ya tsaya a nan, da na san inda gaskiya take. Amma karawa uku da na yi bayan haka, duka a turmin farko na yi kisa. Duka ɗaya, mutum ya zube. Ban taɓa yin irin wannan ba a hannun Kawu, inda sai na yi ta zagaye ina lallaɓa mutum kafin in samu. Oga ya riƙa yawo da hotona a waya yana nuna wa mutane. Na ce ashe tsoho kishi ne ya dame shi.

Sai aka haɗa ni da wani ɗan garin Dakko, manomi, siriri har ana jin tausayinsa da ya tuɓe riga. Turmin farko ban taɓa shi ba. Na biyu na yi ta kai duka ina samun iska. A na uku kafaɗata ta ɗauki wuta, garkuwar da nake miƙewa ta fara sauka da kanta ina ji ina gani, ya ɗora mini guda a kunne, sai ga ni zaune. Na kwana biyu ina jiran saƙon Kawu na dariya. Saƙon da ya zo ta bakin mahaifiyata shi ne, wai a tambaye ni ko ina iya tauna abinci.

To wa ya yi gaskiya? Uku na Oga, ɗaya na Kawu. Oga ya ce numfashi ne ya gaza, ba laifin ƙarfe ba ne, in ƙara nauyi in gama da mutum tun bai fara gudu ba. Na ƙara. Da aka sa ranar ramuwa, aka ce sai bayan an yanke shinkafa, sai ga labari Kawu ya kwanta.

Na je na same shi a ɗaki, ya ƙara ramewa, matarsa da muke kira Inna tana yi masa fifita. Na gaishe shi na nemi gafara, ya ce babu komai, ya yafe tun ranar. Na yi niyyar in tambaye shi abin da zan yi da ɗan Dakko, amma ya riga ni. Shi ne ya miƙo hannu ya kama damtsena, ya latsa, ya sake latsawa yadda yake yi wa sa a kara kafin ya saya. Na jira faɗa. Sai ya ce:

"Hannu ya kai. Wallahi ya kai. Allah shi tsare."

Ya juya fuska bango. Na fito ban san ko yabo aka yi mini ko jaje ba. Kwana huɗu bayan nan ya cika.

Saboda haka ranar sadakar uku, da jama'a suka ragu, na bi tsohon nan na Janbako har gindin bishiyar da yake alwala, na tsuguna.

"Baba, maganar da kay yi shekaranjiya, da gaske Kawu ƙato na?"

"Kai dai ɗana. Dutsen niƙa shika ɗauka shi zagaya gari da shi. Ƙwarya ukku ta hura shika sha. Mu duk munka ɗauka ƙarhi na dambe, don shi munka gani."

"To mi yas sa shika hana ni?"

Ya nuna bakinsa da yatsa.

"Wanga. Ga damben kaka na, can Maradun. Abokina na, tare munka zo, ɗaki guda munka kwana. Anka haɗa mu don babu wanda ka tsaya mai. Ya ce mani in mun shiga shi taɓa ni kaɗan in hwaɗi a tashi. Kuma kaɗan ɗin yay yi niyya, na ga idonai. Amma hannu irin wancan ba ya da kaɗan. Wata huɗu da tsinken kara nika shan kunu. Tun ran nan ban sake tamna tsoka ba."

Ya ce daga wannan kakar Kawu ya ajiye dutsen niƙa, ya rage ci, ya yi ta gudu har ya zube ya koma yadda na san shi. Ya ce ya ci gaba da dambe shekara biyar da sabon jikin, yana kisa, amma bai sake karya kowa ba. Kuma tun daga lokacin, duk Talatar duniya sai an ba direban Maradun ƙunshin hanta a kai masa, don ita ce haƙoransa ke iyawa. Ko a shekarun nan da mota ke yin mako ba ta bi hanyar ba, in ta bi, da ƙunshin a ciki. Ni da na yi shekaru ina naɗe wannan hantar a takarda, na ɗauka wani mai saye ne.

Na ce, "Ke nan damtse shina aiki."

"Aiki? Dube ni mana."

"Amma shi ya ce mani nawwi na kawai."

Tsoho ya kuskure baki ya zubar ta gefe.

"Wannan kuma tsakaninku. Ni abin da yas same ni nig gaya ma."

Na shiga gida na sami Inna a ɗakin takaba, na kwashe labarin na gaya mata. Na zaci za ta yi kuka. Tsaki ta yi.

"Hanta gaskiya ta, baki gaskiya na. Amma kak ka biye ma tsohon ga, shi bai ga komi ba sai dukan da yas sha. Ni da nika gasa ma kawunka jiki na sani. Sadda shike ƙato an sha kashe shi. Duk wanda yak kai shi turmi na ukku ya gama da shi, shi dawo shina huci awa jakin da anka labta ma kaya. Sai da yar rage anka bar kada shi."

Na fita na tambayi mahaifiyata, ita da suka tashi ciki ɗaya. Ta ce ita dai abin da ta sani, a shekarar da abin ya faru ya yi wata doguwar jinya ta shawara, daga ita ne bai sake ƙiba ba, sauran zance na maza ne. Ta ƙara da cewa in ina da hankali in bar damben gaba ɗaya in yi aure.

Mutum uku, duk sun san shi fiye da ni, duk ba maƙaryata ba ne, kuma kowa da nasa Kawun. In na bi tsoho, Kawu ya san ƙarfe yana kisa, tsoro ne ya sa ya ce mini ba ya yi. In na bi Inna, abin da ya gaya mini shi ne abin da jikinsa ya gaya masa. In na bi mahaifiyata, ciwo ne ya rame shi, ya mai da ramar ta zama ilimi. Na rasa wanda zan ji wa haushi. Wata rana in tashi ina jin ya cuce ni, ya tauye ni shekara goma sha biyar saboda laifin da ba ni na yi ba. Wata rana in tuna shi tsugune gaban yaron da na kayar yana cewa ciza yatsata, sai hawaye su zo mini a shago, in ce wa masu saye hayaƙin babur ne.

Haka na yi shirin ramuwar, rabi da rabi. Yau in je rumfar Oga, gobe in fita gudu a gaɓar ruwa. Na rage nauyin ƙarfen, sannan in ji tsoro in mayar. Oga ya ce ina wasa da aikinsa. Mahautan Kawu, da suka ji na koma gudu, suka riƙa yi mini kirari a kasuwa suna cewa ɗa ya dawo gida. Ni kuwa na san ban dawo ba, ban kuma zauna can ba.

Ranar ta zo, bayan sadakar arba'in da kwana biyar. Aka taru bayan la'asar a filin da ke bayan kasuwa, kalangu yana tashi. Wani tsohon mahauci ya ɗaure mini hannu, ya yi ta addu'a yana ambaton Kawu. Turmin farko ɗan Dakko ya yi abin da ya saba, ya yi ta zillewa, amma wannan karon ƙafata ta bi shi, ban bar shi ya huta ba. A turmi na biyu na matse shi wajen makaɗa. Ya ja da baya, ƙafarsa ta zame a kan tsakuwa, garkuwarsa ta buɗe. Ga muƙamuƙinsa a fili, ba abin da ya tsare shi. Hannuna na dama yana sama da dukan nauyin da na tara shekara biyu. Ɗan dambe yakan shekara bai sami irin wannan ƙofar ba.

Dukan ya isa a makare. Ya sami kafaɗarsa ya goce, kafin in dawo da hannu ya sakar mini nasa a kunnen nan dai na bara, gwiwata ta taɓa ƙasa.

Oga ya ce na rage ƙarfe ne shi ya sa hannun ya mutu. Mahauta suka ce Allah Ya jiƙan mai gaskiya, damtse ne ya yi nauyi. Na karɓi wayar wani na kalli wurin ya fi sau ashirin, ana ja da baya ana sakewa, ban ga amsa ba. Gaskiya ne kafaɗata ta riga ta fara zafi tun ƙarshen turmin farko. Gaskiya ne kuma, a daidai lokacin da muƙamuƙin nan ya buɗe, bakin tsohon Janbako na gani yana zubar da ruwa ta gefe. Wanne ya riga wanne, ban sani ba, kuma na gaji da yi wa kaina ƙarya cewa zan sani.

Kawu, in hannuna ne ya yi nauyi, to ka faɗi gaskiya ban ji ba. In kuwa zuciyata ce ta riƙe shi, to ka ɓoye mini gaskiya tun ina yaro, kuma abin da kake so ɗin ya samu. Ko wanne ne na yafe, kai ma ka riga ka yafe. Allah Ya yafe maka dukan da ka yi da wanda ka hana, Ya yalwata maka kabari, Ya sa ka a inuwar da babu rana.

Ina zaune a bakin fili ana kwance mini zare, kunnena yana ƙara, sai ga ɗan Dakko ya zo da sandar rake a hannu. Ya tsuguna ya yi mini ta'aziyya, ya ce bai sami zuwa ba saboda yankan shinkafa. Ya kafa haƙori ya ɓare raken, yana tauna yana magana, ruwan yana bin haɓarsa. Na tsaya ina kallon bakin nan yana aiki, sama da ƙasa, daidai wa daida, har ya tsargu.

"Lahiya kaka kallona haka?"

"Lahiya lau. Ci abinka."

Ya karya raken a gwiwa ya miƙo mini rabi, na karɓa muka sha tare.